Daminar da Tabkin Aduwa Ya Ci Mutane

Yau kwana uku ke nan ana ruwa a garinmu, irin yayyafin nan mai naci da ba ya barin rana ta leƙo. Famfon gari da hasken rana yake aiki, don haka tun shekaranjiya ya yi shiru. Jiya da hantsi ina zaune a ƙofar ɗaki ina tsince wake, sai ga matar ɗana ta fito da bido biyu, jarkokin nan na ɗibar ruwa, ɗaya a kowane hannu.

"Ina za ki?" na ce.

"Tabki, Inna. Na wanki ne kawai, ba na sha ba."

"Aje su. Jera robobi ƙarƙashin kwano, ki tari na sama."

Ta dube ni, sai ta aje. Yarinya ce mai kunya, daga Badar Gula aka kawo ta, kuma ba a haife ta ba lokacin da abin ya faru. Ta san dai ba a shigo da ruwan tabki gidan nan, ba ta taɓa tambayar dalili ba. Ni kuwa iska ta kaɗo mini warin tabkin, warin taɓo da ruɓaɓɓen ganye da kashin shanu, sai na ji waken ya fita raina. Shekara talatin da ƴan kai, hancina bai manta ba.

A lokacin shekarata biyar a gidan miji. Daga wajen Kornaka aka kawo ni, garin nan kuwa yana arewa da Dakoro, tafiyar rabin yini a amalanke in hanya ta bushe. Mu biyar ne a gidan: ni da maigidana, Allah ya jiƙan shi, da ɗiyarmu Ladi mai shekara uku, da Inna uwar mijina, da ƙanensa Mani, wanda ake shirin yi wa aure in kaka ta yi.

Daminar da ta gabata ba ta yi ba. Ruwa ya ɗauke gero yana cikin fitar da kai, tun sanyi bai wuce ba muka taɓa ƙasan rumbu. Maigida da Mani suka tafi cin rani kudu, suka bar mu mu uku. Bazarar shekarar ba ta da tausayi. Kafin hantsi ya ɗaga, ƙasa ta riga ta ɗauki zafin da ba a taka ta ba takalmi. Kaji suna laɓe ƙarƙashin rumbu baki buɗe. Muna fita daji tsinkar anza, ƴaƴan itacen nan masu ɗaci kamar maɗaci, waɗanda sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana sake musu ruwa kafin su ciwu. To ruwan ma ina yake? Rijiyar gari guda ce, zurfinta gaba arba'in, in ka leƙa ba ka ganin komai sai wani ɗan haske can ƙasa kamar ƙwayar ido. Masu sa ko raƙumi suna ɗaura igiya dabba ta ja musu. Mu sanmu mun sayar da shi tun sanyi. Mu huɗu muke haɗuwa kan igiya ɗaya, duk mata, mu ja muna tafiya da baya, har tafin hannu ya tsage, ya warke, ya sake tsagewa. Tulu biyu nake samu a yini. Da shi za a sha, a yi alwala, a jiƙa anza, a goge wa Ladi jiki. Ruwan kuma ɗanɗanon kanwa gare shi.

Na faɗi wannan duka don a san abin da tabki yake a wurinmu.

Maza suka dawo da farkon hadari, da ɗan garin rogo a gindin buhu. Ruwan farko ya sauka muka yi shuka, sai ya ɗauke kwana ashirin, tsiron ya ƙone. Muka sake shuka da sauran irin da Inna ta ɓoye cikin tulu ta liƙe bakinsa da laka. Sannan sama ta buɗe. Wata rana bayan la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta kwantar da darnin gidanmu, ruwa ya zubo kamar da bakin ƙwarya. Da gari ya waye, kwarin da ke gabas da gari, inda wata tsohuwar aduwa take tsaye, ya zama tabki, ruwa har gindinta. Kukan kwaɗi ya cika ko'ina.

Ban taɓa ganin murna irin ta safiyar nan ba. Mata suka fito da tuluna da ƙorai, har tsofaffin da suka daina ɗiba. Ba igiya, ba jira. Ka duƙa kawai, ka kaɗa ƙwarya, ka cika. Na yi wanka na sake yi, na wanke tsummokaran da suka yi wata huɗu ba su ga ruwa ba. Ruwan ja ne, amma in ya kwana a randa sai ya kwanta, ya yi sanyi, ya yi daɗin da na rijiya bai taɓa yi ba. Inna ta sha, ta sauke moɗa ta ce, "Wanga shi ne ruwa. Wancan magani ne muke ta sha."

Gari duka ya bar rijiya. Gida ɗaya ne kawai bai bari ba, gidan maƙwabciyata Gaisha. Bugaje ne, iyayensu sun sauko daga arewa tun wata yunwa ta da, suka zauna suna noma suna kiwo. Kurkunu ya taɓa kwantar da Gaisha damina guda cur, tun daga nan ta rantse ba ta ƙara shan tabki. Suna da raƙumi, shi ke ja musu. Mu kuwa dariya muke yi mata, muna cewa Allah ya kawo sauƙi har ƙofa ta ce ita wahala take so.

Tabkin na kowa ne. Gefe guda muna ɗiba, gefe guda ana wanki, can kuma shanu da jakai sun shiga har ciki. Matafiya suna yada zango gindin aduwa. Bayan garin da ake zagawa yana kan tudu, ruwan sama kuwa ba inda yake gangarawa sai kwari. Duk mun ga wannan da idonmu. Haka iyayenmu suka gani, suka sha, suka tsufa.

Da ruwa ya zauna sai haki ya taso wa gero. Lokacin ne kuma yunwa ta fi cizo, don ga aiki, ga ciki ba komai. Safe ganyen tafasa, yamma ganyen tafasa, da ɗan gari a barbaɗa a kai don ido. Mutum biyu ba su iya wa gonarmu ba, haki ya fi su sauri. Maigida ya ce zai kira gayya. Ya ja akuyata ta ƙarshe zuwa kasuwar Dakoro, ya dawo da gero a ƙaramin buhu. Ba mu taɓa shi ba, ko da Ladi tana kuka. Na ƴan gayya ne.

Ranar gayya tun asuba muka fara daka, ni da Inna. Gaisha ta aiko da nono ƙwarya guda. Na yi sahu huɗu zuwa tabki. Ina tune da ruwan ranar. Ya ja baya kaɗan, ya yi ɗumi kamar an ɗora shi a wuta an sauke, gansakuka ta rufe baki-baki. Na kore ta da gindin ƙwarya na ɗiba. Ba lokacin jira ya kwanta. Da shi na dama hura, manyan ƙorai uku, muka ɗauka ni da Inna muka kai gona da rana tsaka.

Maza goma sha huɗu ne a jere, kowa da hauyarsa mai doguwar ƙota, suna turawa suna tafiya. Mani ne a gaba, ya ba na bayansa rata. Da ya hango ni ya jefar da hauya ya taho yana dariya. Tsakanina da shi wasa ne, irin na ƙanen miji.

"Ƴar Kornaka, yau dai kin tuna da mijinki na gaskiya? Miƙo nan. In ta yi ruwa-ruwa na sake ki."

"Sha ka koma aiki, malalaci," na ce.

Ya kafa kai ya sha ludayi ya fi goma. Sauran suka zo suka zauna inuwar magarya, suka sha har suka side ƙorai. Sun daɗe ba su ga hura mai kauri ba. Cikinsu akwai wani dattijo, Abdu, mijin wata mata Hajo da ke zaune bayan masallaci, ya zo da babban ɗansu Sani. Da ya gama ya goge gemu ya ce, "Allah shi yi miki albarka, ɗiyata." Kafin la'asar sun nome gonar tas.

Kwana biyu bayan nan Mani ya fita da safe lafiya lau, kafin azahar ya dawo yana dafa darni. Ya zaga bayan ɗaki sau uku kafin in gama tankaɗe. Na huɗu bai kai ba. Abin da ke fita jikinsa ba kashi ba ne, ruwa ne fari-fari kamar ƙasarin gero, mai ƙarni. Sai amai. Muka shimfiɗa masa tabarma a rumfa. Kafin la'asar saurayin da ya fi kowa ƙarfi a garin ya koma kamar tsoho. Idanu sun faɗa, kumatu sun shige, fatar yatsunsa ta yamutse kamar wanda ya yini cikin wanki. Jijiyoyin ƙafarsa suna ɗaurewa, yana ihu ba murya, wansa yana murza masa. Abu ɗaya yake iya faɗi, "Ruwa." Ni kuwa ina zuwa randa ina ɗebo masa. In ba shi, ya amayar, in ƙara ɗebowa. Inna ta jiƙa saiwa, liman ya aiko da allo, da ruwan randar nan aka wanke rubutun. Da hantsin kashegari ya cika.

Ba mu gama namu kukan ba muka ji wani daga bayan masallaci. Abdu ne. Ana dawowa daga binne shi aka ce Sani ya kwanta. Cikin kwana biyu gida biyar suna da majinyaci, huɗu daga ciki mazansu sun zo gayyarmu.

Da farko ba wanda ya faɗa mini a fuska. Na dai lura in na doso tabki sai hira ta mutu. Matar da muka ja igiya tare duk bazara ta janye ɗanta daga kusa da Ladi. Ni baƙuwa ce, ba ni da dangi a garin, ni na dama hurar, ga shi ko ciwon kai ban yi ba.

Ranar sadakar ukun Mani mata sun cika tsakar gidanmu, sai Hajo ta shigo ba mayafi, idanunta jajur. Sani ya rasu da asubar ranar. Ba ta yi sallama ba. Ta ratso mutane ta tsaya kaina.

"Ke ƴar Kornaka. Mi kika sa cikin hurar nan?"

Na ɗaga kai na dube ta.

"Mijina ya hita lahiya, ɗana ya hita lahiya. Ba su ci komi ba sai abin hannunki. Hwaɗa mini mi na yi miki."

Wata ta ce a yi haƙuri. Wata daga baya ta ce, "Ai tambaya ta yi." Na ji kalmar nan da ba a son faɗi tana yawo ƙasa-ƙasa tsakanin mata: maita.

Inna ta miƙe. Kwana uku ba ta sa komai a ciki ba, kuma ita ta wanke tsummokaran Mani da hannunta. Ta dafa bango har ta isa randata, ta ɗaga faifai, ta cika moɗa, ta dawo tsakiyar mutane.

"Hajo, ke kin rasa biyu, ni na rasa ɗaya, kuma autana ne. Yarinyar ga shekara biyar muna ci ƙwarya guda. Ni na daka geron, ita ta dama ina tsaye. Ga ruwan randarta. In da mugun abu a hannunta, shi hwara da ni."

Ta shanye tas, ta kife moɗar a ƙasa. Hajo ta juya ta fita.

Ban san ko moɗar nan ce ba. Randa ɗaya muke sha tun farko, kuma ta yi jinyar ɗanta ba abin da ba ta taɓa ba. Na sha gaya wa kaina haka. Amma kashegari da safe Inna ta kwanta, kuma matan gari duka sun ga abin da ta sha.

Maigida ya ari raƙumin mijin Gaisha ya nufi Dakoro neman taimako, don ƙoramar da ke kan hanya ta cika, amalanke ba ta wucewa. Ni kaɗai na zauna da ita. Ba wadda ta leƙo sai Gaisha. Inna ba ta yi ihu ba. Tsohuwa ce, yunwa ta riga ta ci rabinta, ciwon bai sha wahala da ita ba. Da la'asar ta kama hannuna, yatsunta sanyi ƙalau, ta ce cikin raɗa, "Na so in rage miki, na ƙara miki. Yahe mini, ɗiyata." Ba ta kai magariba ba. Ɗanta bai same ta ba. Matan da suka saba wankan gawa suka ƙi zuwa, ni da Gaisha muka yi mata.

Kashegari maigida ya dawo, bayansa wata farar mota da ta zagayo ta kan tudu. Cikinta akwai majo, wato babban ma'aikacin likita, wani gajere mai tabarau, da wata ma'aikaciya. Ya sa aka kafa doguwar rumfa yamma da gari, nesa da tabki. Aka jera gadajen kara, aka huda kowanne a tsakiya aka sa bokiti a ƙasa. Aka rataya robobin sarum, ruwan nan da ake ƙara wa mutum ta jijiya. Na ga wanda aka ɗauko kamar gawa ya buɗe ido bayan roba biyu yana tambayar matarsa. Da na gani sai na zauna ƙasa na yi kukan da ban samu yi wa Inna ba. Kwana ɗaya tal ya raba ta da robar nan.

Majo ya bi gida gida yana tambaya: wa ya kwanta, ina kuke ɗibar ruwa. Sannan ya ce wa mai gari a tara mutane gindin aduwa, maza da mata. Na tsaya can baya. Ya ce sunan ciwon kolera. Wani ya ce masa ai an san inda ya fito, hurar gayya ce.

"Tsohuwar gidan maƙera ta je gayya?" in ji majo. "Ɗiyan Tanko biyu sun riƙe hauya?" "To suna can kwance cikin rumfa. Wane gida ne ba a yi ko ciwon ciki ba?"

Aka duba, aka duba, sai gidan Gaisha.

"Su ina suke sha?"

Kowa ya san rijiya suke sha. Majo ya sa safar roba, ya cika wata farar kwalba a bakin tabki, ya ɗaga ta saitin rana ya ce a matso. Ni ma na matso. Cikin ruwan wasu ƴan abubuwa ne da ba su kai kan allura ba, suna ta tsalle.

"Ba waɗannan ne ciwon ba," ya ce. "Shi ido ba ya ganin shi. Amma jikin waɗannan yake maƙalewa, da jikin gansakuka, kamar yadda kaska ke maƙale wa sa. Ruwa mai ɗumi da ba ya gudu, nan ne gidanshi. Wataƙila wani matafiyi mai ciwon ya zaga kusa ruwan sama ya wanko, wataƙila kayanshi aka wanke, ban sani ba. Ya dai shiga, ya samu wurin zama, ya hayayyafa. Wani zai sha ya wuce lafiya, wani ya sha ya kwanta. Kuma duk tsumman majinyacin da kuka wanke a nan, iri kuke ƙara mishi."

Wani tsoho ya ce, "Kakanninmu sun sha tabkin ga."

"Sun sha, Baba. Ba kowace shekara yake shiga ba. Bana ya shiga."

Ya ce a nuna masa wadda ta dama hurar. Aka juyo ana kallona. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, "Baiwar Allahn nan ba ta sa komi ba. Ruwan da kuke sha duka, shi ta zuba." Na san taimakona ya yi. Amma abin da ya zauna a kunnena shi ne ƙarshen maganar. Da ƙafata na yi sahu huɗu. Da hannuna na yi ta miƙa wa Mani moɗa yana roƙo.

Mai gari ya sa aka kewaye tabkin da ƙaya. Aka koma rijiya, aka zuba mata jabel, maganin kashe ƙwayoyin cuta mai warin nan da ke hawa kai. Mijin Gaisha ya tsaya da raƙuminsa yana ja wa gari duka daga safe har yamma, har kafaɗar dabbar ta yi miki. Duk da haka wasu matan suna janye ƙaya da sassafe su ɗiba, don jiran rijiya yana cinye yini guda, ga gona, ga majinyaci. Ban ga laifinsu ba. Majo ya ce duk ruwan sha a tafasa shi, in ba hali a tace da zane ninki huɗu, ko ba komai a rage. To a tafasa da me? Itace duk ya jiƙe, kara ya ƙare tun bazara.

Kwana biyu bayan taron, Ladi ta tashi daga barcin rana ta ɓata mini zane. Na duba na ga farin ruwan nan. Na sungume ta da gudu zuwa rumfa. Sarum ya ƙare tun safe, mota ta koma ɗaukowa, ƙorama kuma ta sake cika. Majo ya duba idonta, ya ja fatar cikinta ya saki, fatar ta tsaya ba ta koma ba. Ya ba ni wasu ƴan ƙunshi na sukari da gishiri.

"Ƙunshi ɗaya a kwalba ɗaya ta tafasasshen ruwa. Cokali-cokali. In ta amayar ki ɗan jira ki ci gaba. Kada ki tsaya. Yau ke ce sarum ɗinta."

Ruwan da ke rumfa bai isa waɗanda ke kwance ba. Maigida ya koma gida ya tsaya gaban rumbu, don itacen da ke ƙarƙashin jinkarsa ne kaɗai busasshe a gidan. Dirkokinsa tun na ubansa ne. A garinmu mutum ba ya rushe rumbu da damina, kamar ya ce ya cire rai da kaka ne. Ya sa masa gatari. Gaisha ta tafasa ruwan rijiya da itacen a tukunyarta, tana kawo mini har bakin rumfa.

Na zauna da Ladi a cinya tun azahar. Cokali ɗaya, in ja numfashi goma, wani cokalin. Ta amayar, in share mata baki, in sake. Idanunta sun faɗa, tana kuka ba hawaye. Ruwan sama yana dukan rumfa yana ɗiga a bayana, ga nishin mutane hagu da dama, ga warin jabel. An fitar da mutum biyu ta gabana ban ɗaga kai na ga ko su wa ne ba. In hannun dama ya sage in koma na hagu. Haka muka kwana, haka muka yini. Rana ta biyu wajen la'asar na ji ɗumi a cinyata, na ɗauka zawon ne ya dawo. Na duba. Fitsari ne, ɗan kaɗan, rawaya. Na kira majo na nuna masa. Ya cire tabarau ya goge fuska da hannun riga ya ce, "Alhamdu lillahi. Ta juyo."

Ciwon ya yi kusan wata kafin ya saki gari. Ban ƙirga waɗanda ya ɗauka ba, na san dai sabuwar ƙasa ta yi layi biyu a maƙabarta. An daina zuwa kasuwa. Mutanen ƙauyukan kusa in sun hango ɗan garinmu sai su kauce hanya. Gonaki da yawa ba a yi musu maimai ba, wasu ko noman farko ba a gama ba. Haki ya shanye gero ana kallo, ba mai ƙarfin ɗaga hauya.

Yanzu in mutum ya fara irin wannan zawo waya ake bugawa, babur ya kai shi likita tsakanin azahar da la'asar. Akwai ƴan ƙwayoyin da ake jefawa cikin bido su tsabtace ruwa. Aduwar ta faɗi tun tuni, an ƙone ta. Tabkin dai yana nan inda yake, da gansakukarsa da shanunsa, kuma duk ranar da famfo ya tsaya ba a rasa masu zuwa.

Abin da ya fi yi mini nauyi a shekarar nan kaka ce. Ruwa ya yi kyau har ƙarshe, kuma gonar da aka nome tas a kan kari a garin ita ce tamu. Gero ya yi zangarniya tsawon hannu. Na shiga ciki ya rufe ni, na kasa murna. Kowane layi na san wanda ya bi shi da hauya. Maigida ya yi girbi shi da mijin Gaisha, aka tara dammuna a tsakar gida tun da ba rumbu. Na daka na dafa musu shi da Ladi, amma ni na kasa sa shi a baki. Da na ɗauki loma sai in mayar da ita. Na koma kan ganye da ɗan wake.

Wata safiya maigida ya zauna yana kallon tarin, can ya ce, "Wanga gero ba namu ba ne mu kaɗai." Ya ware na kowane gidan da ya zo gayya ya rasa mutum, ya ɗauka a ka ya kai da kansa. Da ya zo kan na Hajo na ce ni zan kai.

"Za ta ci mutuncinki," ya ce.

"Ta ci."

Dami biyu ne, na Abdu da na Sani. Sahu biyu na yi. Gonarta ko zangarniya ɗaya ba a cire ba, ga ƙananan ɗiya uku. Na yi sallama a bakin darni sau uku. Tana zaune, tana ganina ta tsakanin kara, ba ta amsa ba. Na jingine su a ƙofa na ce, "Hajo, guminsu ne." Na juyo.

Dammunan suka kwana waje. Kashegari na wuce za ni rijiya, suna nan, kaji suna tsattsaga. Rana ta uku ma haka, sai dai wani ya ɗora musu ƙaya saboda awaki. Na ce a raina to shi ke nan, gara ce za ta ci.

Rana ta huɗu da hantsi ina shanya, sai na ji daka daga bayan masallaci. Wata uku ba a ji taɓarya a gidan ba. Na tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu ina saurare. Bugun a hankali yake, na mace ɗaya da ba ta da ƙarfi, tana yi tana hutawa. Hajo ba ta amsa gaisuwata ba sai bayan shekara biyu, kuma har ta koma ga Allah ba mu taɓa tada zancen ba. Amma ranar nan na tsaya a wurin har ta gama sussuka, ta gama surfe, na ga hayaƙi ya tashi daga gidanta.

Da yamma na tuƙa tuwo da sabon geron, na zauna na ci.